Sadaka ko Haƙƙi? Matsayin Naƙasassun Ɗalibai a Manyan Makarantunmu

Gabatarwa

Babu wani sashen Hausa a jami'o'in ƙasar nan da ɗalibi zai yi shekara huɗu a cikinsa ya fita bai ji sunan Malam Aliyu Namangi ba. Waƙoƙin Imfiraji muna koyar da su, muna tsara tambayoyin jarrabawa a kansu, an kuma rubuta kundayen digiri da dama a kan salonsu da jigoginsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma ta ba shi digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 1990. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai muke yi wa kanmu ba. Da a ce wannan bawan Allah, wanda ya makance tun yana ƙaramin yaro, zai dawo yau yana saurayi ɗan shekara ashirin, ya tsaya a ƙofar sashenmu da sandarsa yana neman gurbin karatu, yaya za mu yi da shi? Wane littafi za mu miƙa masa? A wace irin takarda zai amsa tambayar da muka tsara a kan waƙarsa?

Wannan ita ce matsalar da muke son dubawa a wannan maƙala. Idan jami'a ta buɗe ƙofarta ga makaho ko kurma ko gurgu, alfarma ta yi masa, ko kuwa bashin da ke kanta ta biya? Amsar da muka bayar ita za ta nuna yadda za mu yi gini, da yadda za mu koyar, da yadda za mu yi jarrabawa. A yau hukumomi sun fi son a ce "masu buƙata ta musamman" maimakon "naƙasassu", kuma niyyar mai kyau ce. Amma sauya suna bai taɓa rage tsawon matakalar bene ba, don haka za mu fi mai da hankali ga abin da ake yi wa mutanen.

Gadon da Muka Taras

Sai mu fara da yi wa magabata adalci. Al'ummar Hausawa ba ta yar da naƙasassunta ba. Ta ba su unguwanni da shugabanni, akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa da fadawansa, ana kuma sauraronsu a fada. Makarantar allo da ta zaure ba su kori makaho ba, domin karatunsu na kunne da hadda ne. Ta nan Namangi da ire-irensa suka sami ilmin da suka zuba a waƙa. Addinan da mutanenmu ke bi su ma ba su bar maganar a buɗe ba. Musulmi sun san dalilin saukar Suratu Abasa, sun kuma san cewa makahon da aka saukar da ita a kansa, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, shi aka riƙa bar wa Madina a wasu tafiye-tafiye. Kiristoci kuma sun san yadda Linjilar Yahaya ta kore zaton cewa makantar haihuwa sakayyar zunubin mutum ce ko na iyayensa.

Duk da haka, wannan gado yana da ɓaraka babba. Al'ummar da ta ba naƙasasshe mazauni ita ce kuma ta yanke masa sana'a guda ɗaya, wato bara. Yaro lafiyayye ana tambayarsa abin da yake so ya zama in ya girma. Yaro makaho kuwa an riga an san amsarsa, sai a nemo masa ɗan jagora da ƙoƙo. Dangantakar da ta ginu a kan sadaka kuwa tana da ƙa'idodinta. Mai bayarwa shi ke zaɓar lokaci da adadi, mai karɓa nasa godiya, kuma in an hana shi ba shi da inda zai kai ƙara. Ga shi harshenmu na yau da kullum yana ƙara ɗaure wannan tunani. Idan mun fahimci magana sai mu ce "mun gani". Shawara marar amfani "gurguwa" ce, biyayya ba tunani "makauniya" ce. Ba muna cewa a goge waɗannan kalmomi daga ƙamus ba. Muna dai lura ne cewa wanda ya tashi yana jin ana haɗa gani da sani, da wuya ya yarda da sauƙi cewa makaho zai iya zama malaminsa.

Wannan tunani na sadaka shi ne ya biyo mu har cikin jami'a. Shi ya sa idan an taimaki ɗalibi naƙasasshe sai a ce "an tausaya masa", idan kuma ba a taimake shi ba, ba wanda yake jin ya yi laifi.

Ina Naƙasar Take?

Don kada maganar ta tsaya a sama, bari mu sauko da ita wuri guda. Mararaban Rido gari ne a Ƙaramar Hukumar Chikun, kusa da matatar mai ta Kaduna, a bakin hanyar da ta bi ta Kujama da Kachia ta nufi Kafanchan. Ɗan wannan gari ba shi da nisa da manyan makarantu. A Kaduna akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha da kuma Jami'ar Jiha wadda aka kafa a 2004. A kudu akwai reshen jami'ar a Kafanchan da Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya. Ga Zariya can arewa. To, mu ƙaddara wata yarinya a garin, wadda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun tana goye. Ba ƙaddarawar banza ba ce: a shekarar 2006 kaɗai an ƙidaya yara 1,122 da cutar ta kama a Nijeriya, a 2008 kuma 798, mafi yawansu a Arewa. An tabbatar da kawar da cutar a 2020, muka yi murna, amma yaran da ta riga ta taɓa ba su ɓace ba. Su ne yanzu suka kai shekarun shiga jami'a. Haka nan waɗanda sanƙarau ya kurmantar da waɗanda ƙyanda ta makantar, da kuma waɗanda hatsarin hanya ko hare-haren 'yan bindiga suka raunata.

A ce yarinyar nan ta jure duk wahalar firamare da sakandare, ta ci jarrabawa, ta sami gurbi. Ran farko an ce rajista a hawa na biyu ake yi. Ajin lacca a sama, ɗakin karatu a sama, ofishin malamin da zai duba kundinta a sama. Tsakanin ɗakin kwana da aji akwai kwata buɗaɗɗiya da kekenta ba zai ƙetare ba, ƙofar bayan gida kuma ta fi keken ƙunci. Kullum sai ta jira samari huɗu su ɗauke ta da keke su hau da ita, ko kuwa ta sauka ta ja jiki a kan matakalar da ɗaruruwan takalma suka taka. Ran da ta gaji ta daina zuwa, sai a ce lalurarta ce ta hana ta karatu.

A nan ne muke ganin an yi kuskuren hukunci. Shan inna ya hana ta tafiya da ƙafa, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya hana ta shiga aji shi ne matakala, matakala kuwa mutum ne ya zana ta, mutum ya sa hannu aka biya kuɗinta. Mu ƙara dubawa da kyau. Akwai wanda zai iya tsalle daga ƙasa zuwa hawa na biyu? Babu. Ashe ke nan matakala ita ma taimako ce da aka tanadar wa masu ƙafa. Fitilar da ke ajin dare an sa ta ne saboda masu ido, lasifikar babban zaure saboda masu kunne, kujera saboda masu gajiya da tsayuwa. Da yawa daga cikinmu malamai, in aka ƙwace mana tabarau, ba za mu iya karanta sunanmu a takardar albashi ba. Jami'a tun fil azal tana kashe kuɗi don ta dace da raunin jikin ɗan Adam, sai dai raunin masu rinjaye ta tanada wa, har muka saba, muka daina ganinsa a matsayin taimako. Idan aka yi wa mai ƙafa matakala ba a ce an yi masa sadaka ba, da wace hujja za a kira gangaren da aka yi wa mai keke sadaka?

Hujjojin Masu Ja

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma ba dukansu ne marasa tausayi ba. Hujjojinsu sun cancanci a amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce ta kuɗi. Sukan ce makarantar da ɗalibai ke zaune a taga saboda ƙarancin kujeru, ina ta ga kuɗin na'urar rubutun makafi ko albashin tafintan kurame? Talaucin makarantunmu ba ƙarya ba ne. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, da yawa daga abin da ake buƙata ba ya cin kwabo: a sauko da lacca ajin ƙasa, malami ya faɗi da baki abin da yake rubutawa a allo, ya fuskanci aji in yana magana, ya ba da darasinsa a rubutun kwamfuta. Gangare kuma in an sa shi tun a zanen gini, kuɗinsa kaɗan ne. Fasa gini daga baya shi ke da tsada. Na biyu, idan abinci ya yi ƙaranci a gida, maigida mai adalci rage wa kowa yake yi. Wanda ya zaɓi ɗa guda ya ce kai ne ba za ka ci ba sai an sami wadata, ya nuna matsayin yaron ne a zuciyarsa.

Ta biyu ita ce ta adalci. Sukan ce in an ƙara wa makaho lokaci a jarrabawa, ko an ba shi mai karanta masa tambaya, ai an fifita shi a kan sauran. Amsa ita ce mu tambayi kanmu abin da jarrabawa take aunawa. In muka ce ɗalibi ya yi sharhi a kan Shaihu Umar, fahimtarsa muke nema. Idan muka miƙa wa makaho takardar da aka buga da tawada, to idonsa muka auna, sakamakon kuwa mun san shi tun kafin a fara. Rubutun makafi, wanda Louis Braille na Faransa ya tsara a 1824 da ɗigo shida, da yatsa ake bin sa, ya fi cin wuri, ya kuma fi cin lokaci. Ƙarin lokacin cike giɓin da ke tsakanin yatsa da ido ne kawai. Telan da ya ɗinka wa dukan mutanen gida riga da awo ɗaya ya daidaita su, amma ba wanda zai ce ya yi musu adalci.

Sai dai a nan akwai iyakar da ya wajaba mu tsare. Abin da za a sauya shi ne hanyar isa ga tambaya. Nauyin tambayar da ma'aunin maki kuwa su zauna yadda suke ga kowa. Malamin da ya ba naƙasasshe makin da bai ci ba don tausayi ya cuce shi sau biyu: ya hana shi gyaran da zai ƙara masa sani, ya kuma sa mutane su riƙa zargin takardar duk wani naƙasasshe da ya ci da guminsa. Makin tausayi sadaka ce da ta sake riga.

Ta uku ita ce ta masu cewa a ware musu makarantunsu, inda za a fi kula da su. Makarantu na musamman sun yi aikin da ba za a manta ba. Makarantar Makafi ta Gindiri, wadda 'yan mishan suka buɗe a 1953, da ta Tudun Maliki a Kano, da Kwalejin Ilmi ta Musamman da ke Oyo, sun fitar da mutane masu yawa, kuma har gobe ana buƙatar inda yaro zai koyi rubutun makafi ko maganar hannu daga ƙwararru. Amma jami'a ba ta tsaya ga koyon karatu da rubutu ba. A nan ne likitan gobe da alƙalin gobe da mai zanen ginin gobe suke zama a benci ɗaya. Mai zanen da ya yi shekara biyar yana ganin abokinsa na fama da matakala, da wuya ya zana asibiti ba gangare. Ware naƙasassu yana tauye su, yana kuma barin sauran ɗalibai cikin jahilcin wani ɓangare na al'ummar da za su yi wa aiki. Ɓangaren kuwa ba ƙarami ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna da wata naƙasa.

Ta huɗu ita ce wadda ake faɗa a ɓoye: in ya gama, wane aiki zai yi? Tarihi ya riga ya amsa. Ɗaha Husaini na Masar ya makance yana yaro, ya sami digirin dakta a Alƙahira a 1914, ya ƙaro karatu a Faransa, ya zama ministan ilmi a 1950. A nan gida, Bitrus Gani ya rasa idonsa ta dalilin ƙyanda, ya bi ta Gindiri, ya koyo aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a Landan, ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa gidauniyar taimakon makafi a Zariya. Jibrin Isa Diso, makaho, ya kai matsayin farfesa a Sashen Ilmi na Musamman na Jami'ar Bayero. Amma kada mu yi amfani da sunayen nan ta hanyar da za ta zama sabon zalunci, wato mu ce tunda su sun iya ba tare da an gyara kome ba, kowa ma ya iya. Ɗalibi mai ido ba a ce sai ya zama gwarzo kafin ya sami digiri. Matsakaicin ƙoƙari ya ishe shi. Ranar da naƙasasshe mai matsakaicin ƙoƙari zai shiga ya fita lami lafiya, ran nan ne za mu ce an yi adalci.

Doka ta Yi Nata

Ta fuskar doka an riga an yanke hukunci. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta tabbatar musu da haƙƙin ilmi, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman a 2017 domin shirya wa makafi da wasu masu lalura jarrabawar shiga jami'a ta hanyar da ta dace da su. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta halatta a mai da littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa. Kowa na iya zagaya makarantarsa ya ƙirga gine-ginen da aka gyara, ya yi wa kansa hisabi. Doka tana iya tilasta a zuba siminti, amma ba ta shiga aji tare da malami. Abin da ya rage aikin zuciya ne da na sana'a.

Abin da ya Rataya a Wuyanmu

Mu ma'abota nazarin Hausa muna da kaso na musamman a wannan aiki, wanda ba wani sashe da zai yi mana. Littattafan da muke koyarwa, irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, ɗalibanmu na iya karanta su da murya mai kyau a naɗa, a ajiye a ɗakin karatun sashe. Aji guda zai iya gama littattafan shekara a zango ɗaya. Waya da kwamfuta suna karanta wa makaho rubutu, amma rubutun da aka buga ne suke karantawa, hoton takarda da aka ɗauka a karkace bai amfane shi da kome ba. Muryoyin na'urorin nan kuma galibinsu a kan Turanci aka gina su, don haka daidaita su da ɓ da ɗ da ƙ da karin sautin Hausa aiki ne da ke jiran masana harshenmu.

Sai batun kurame, wanda ya fi wuya. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. A makarantu kuwa galibi maganar hannun da ta samo asali daga Amurka ake koya musu. Abin kunya ne a ce harshen da ya tsiro a kasuwanninmu da zaurukanmu ba shi da ko kwas ɗaya a yawancin sassanmu. Akwai kuma tambayar da za ta gwada gwanintarmu ta koyarwa: yaya za a koya wa wanda bai taɓa jin sauti ba karin waƙa? Muna ganin hanya tana nan. Gaɓa mai nauyi da marar nauyi ana iya zana su a allo, ana iya buga su da tafi a kafaɗa ko a tebur, amsa-amo kuma ido na ganinsa a ƙarshen baiti. Malamin da ya yi wannan ƙoƙari zai tarar masu kunnen ma sun fi ganewa.

Ga ɗalibai kuma, taimako yana da ladabi. A tambayi mutum kafin a kama masa hannu ko a tura masa keke. A yi magana da shi kai tsaye, kada a juya ga ɗan rakiyarsa ana cewa "me yake so?" A sa shi cikin muhawara da wasan kwaikwayo da zaɓen ƙungiya, a kuma yi masa gardama in ya yi kuskure, domin wanda ba a taɓa musa masa ba, ba a ɗauke shi abokin karatu ba. Hukumar makaranta ita ma kada ta yanke shawara a kansu ba tare da su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Kammalawa

A taƙaice, mun yi ƙoƙarin nuna cewa gurbin naƙasasshe a jami'a haƙƙi ne, kuma yawancin abin da ke hana shi karatu aikin hannunmu ne, wanda hannunmu zai iya warwarewa. Ba mu ce a kashe tausayi ba, domin al'ummar da ba tausayi ba ta zaunuwa. Mun ce ne kada a ɗora makomar mutum a kansa, saboda tausayi yana zuwa yana tafiya, ya danganta da wanda ke kan kujera da yadda ya tashi ran nan. Jami'ar gwamnati da dukiyar kowa aka gina ta, har da ta iyayen yarinyar Mararaban Rido. Sannan lafiya aro ce. Tsufa kaɗai ya isa ya rage mana ido da kunne da gwiwa, kuma da yawa daga cikin masu hawa bene da gudu a yau za su zo neman gangaren da suka ƙi ginawa. Kafin lokacin, akwai abin da kowane malami zai iya yi tun zangon nan: ya duba jerin sunayen ajinsa, ya tambayi wane ne ba ya iya zuwa inda ake laccar, ya sauko da ita.